Akwatin Kira na Rimawa

Rimawa, 6 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga ɗan Kawu, Mujaheed.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da Raihana. Mu nan lafiya lau, sai uwargida Rukayya da ta yi mako guda tana fama da haƙori, an cire mata shi a Goronyo. Ƙafar Kawu Mainasara ta yi sauƙi, har shina zuwa masallaci ba sanda.

Na san za ka yi dariya, ka ce mai kula da wayar gari ne ke aiko takarda ta hannun direban albasa. Yi abarka. Maganar da anka yi a waya nakan fara shakkarta bayan kwana biyu, amma ta takarda ina iya komawa in duba.

Akwatin haɗa kira da ka girka wa ƙungiyar manoman fadama shekara shida da sunka wuce ya fara gajiya. Sau huɗu ya mutu a watan jiya. Na share ƙura, na canza fanka, na ɗaure wayoyi. Mai gyara na Sakkwato ya duba, ya ce an daina yin irin allon da ke ciki. Ka san nan fadama layin manyan kamfanoni bai kamawa, wayoyi ɗari uku da sha biyu duk a kan akwatin ga suke. Abin da ya fi damuna shi ne lambar gargaɗi. In anka aiko cewa za a saki ruwa daga dam, Iliyasu mai ƙofar ruwa lamba ɗaya yake bugawa, duk wayoyin su yi ƙara tare, kowa ya ruga ya ɗauke injinsa daga bakin gulbi. Ina so a yi wani abu kafin damina.

Na ba Sa'adu direba littattafaina guda shida ya kawo maka. Duk kiran da ya yanke tun ranar farko shina ciki, da rana da sa'a da abin da nake zaton ya jawo. Wataƙila ba su da amfani ga mai ilmi kamarka, amma dai ka duba.

Naka,
Lauwali

Legas, 2 ga Maris, 2023

Bawana Lauwali,

Wa alaikumus salam. Ɗan mace dai ɗan mace ne, sai ya haɗa ubangidansa da kaya. Sa'adu ya shigo ofis da buhu yana warin albasa, masu gadi suka ɗauka cefane aka kawo mini. Raihana na gaishe da Rukayya, ta ce ta rage rake.

Wasa a gefe, littattafan nan sun ba kowa mamaki. Shugabana ya ce bai taɓa ganin bayanin kira na ƙauye mai tsabta haka ba.

Ga yadda abin yake. Manhajar da na rubuta mai haɗa kira ba ita kaɗai ce a akwatin ba. A ƙarƙashinta akwai babbar manhaja, wadda aikinta kamar na mai rabon ruwa ne a fadama: ita ke cewa wane aiki zai shiga yanzu, wane zai jira. Murya kuwa ba ta jira. Sau hamsin a daƙiƙa ɗaya dole a miƙa guntunta, in aka makara magana ta tsinke. Tsohuwar babbar manhajarmu ƙarama ce mai tsananin kiyaye lokaci, amma ba ta hawa sabon allo. Dole a yi ƙaura.

Hanya biyu ce. Ko in nemi wata ƙarama irinta, in sake rubuta duk ɓangaren da ke magana da katin murya, aikin wata takwas ni kaɗai. Ko in ɗauki babba, irin wadda ake amfani da ita ko'ina, in yi mata gyaran da zai sa ta riƙa gabatar da murya, aikin mako shida. Kamfaninmu zai ɗauki nauyin ta biyu, domin yana so ya kai irin akwatin wasu ƙauyuka. Ita na zaɓa. Zan saka mata wani ɗan tsari da muke kira mai gadi: in akwatin ya daskare, shi zai kashe shi ya sake tayar da shi cikin minti ɗaya.

Zan zo bayan ƙaramar Salla. A tanadar mini soyayyen kifi, kada a ce mini babu.

Ubangidanka,
Mujaheed

Rimawa, 26 ga Mayu, 2023

Ɗan Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka isa lafiya. Kawu bai daina ba mutane labarin yadda ka girka sabon akwati cikin kwana biyu ba. Zafi ya yi yawa, yara biyu sun yi ƙuraje, sun warke.

Na buɗe littafi na bakwai ranar da ka tafi. Ga abin da na gani cikin mako huɗu. Ranakun da ba kasuwa, akwatin lafiya lau, har murya ta fi ta da fita. Amma ranar kasuwa, daga azahar zuwa la'asar, lokacin da kowa ke kira shina tambayar yadda anka sayar da albasa da shinkafa, murya takan riƙa kakkatsewa kamar mai rawar ɗari. In kira ya haura talatin a lokaci ɗaya, sai akwatin ya tsaya cak, mai gadi ya tayar da shi. Kasuwar farko sau biyu, ta biyu sau uku, ta uku sau biyu, ta huɗu sau biyar. Tsohon akwati ya taɓa ɗaukar kira arba'in da ɗaya bai tsaya ba, shina cikin littafi na huɗu.

Kai da ka yi gwaji ranar Talata ka yi shi, ba kowa a layi sai ni da kai da Iliyasu. Ban faɗa maka a lokacin ba, don na ga kana murna, kuma ban tabbata ba ko gwajin naka ya riga ya ƙunshi wanga.

Mai yiwuwa ni ne nake wani kuskure. Ka faɗa mini mi zan duba.

Lauwali

Legas, 14 ga Yuni, 2023

Bawana,

Lafiya muke, da fatan kuna haka. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, aiki ya yi mini yawa.

Na gwada irin akwatin a nan da kira sittin, bai tsaya ba. Batiranku ne. Sun tsufa kamar mai kula da su, da rana ta yi zafi sai wuta ta riƙa rawa. Ka sa ƙungiya ta canza su. Kuma ka rage tsayawa a kansa da agogo, ko mutum ne ka sa wa ido haka sai ya yi tuntuɓe.

Ranar 6 ga Yuli shugabana zai zo da baƙi biyu masu son saka hannu a aikin. Ni ba zan samu zuwa ba. Za su kawo takardar da ke cewa an karɓi akwatin yana aiki, kai za ka sa hannu a madadin ƙungiya. Don Allah kada ka fito musu da littafi ka fara karanto Talata da Laraba. Ka fitar da ni kunya.

Mujaheed

Rimawa, 9 ga Yuli, 2023

Ɗan Kawu,

Bayan gaisuwa. An yi ruwa mai kyau sau uku, gero ya tashi, shinkafar fadama ta yi kore. Rukayya na gaishe da Raihana, mun ji labarin juna biyu, Allah shi raba lafiya.

Na canza batura kamar yadda ka ce. Alhaji Sale shugaban ƙungiya bai so ba, sai da na ce masa umurninka ne. Kasuwar da ta biyo baya akwatin ya tsaya sau huɗu. Na auna wuta kowace rabin sa'a, ba ta motsa ba.

Baƙinku sun zo, kuma zuwan nasu ya faɗo ranar kasuwa. Ina rubuta wanga don ya zama mun fahimci juna. Da safe, ƙarfe tara da kwata, ka kira ni daga Legas a babbar wayata, ina tsaye kan tudun makaranta inda layi ke kamawa. Ka ce in kashe mai gadi, don kada akwatin ya mutu ya tashi a gaban baƙi. Ka karanto mini abin da zan buga, na rubuta a tafin hannuna, na je na buga. Ka ce in bar shi haka har ka aiko gyara. Baƙin sun yi kira uku kafin azahar, sun ji daɗi, sun ci kifi, sun tafi.

Na sa hannu a takardar. Na so in ce a jira a ga la'asar, sai na dubi Kawu shina zaune kusa da shugabanku da sabuwar rigarsa, na kasa. Yaya zan ce a gaban baƙi aikin ɗan gidanmu bai yi ba?

Bayan tafiyarsu akwatin ya daskare, fitilarsa na nuna kore kamar ba komai. Da ba ina wurin ba, ba wanda zai sani. Da hannu na kashe na kunna. Na gwada mayar da mai gadi, sai ya nemi kalmar sirri, wadda ke wurinka. Ka aiko mini ita, ko ka faɗa mini ranar gyara. Agusta na tafe.

Lauwali

Rimawa, 12 ga Satumba, 2023

Mujaheed,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Wata biyu ke nan ba amsa. Na kira ka sau goma sha ɗaya, sau biyu ka ɗauka ka ce kana taro. Na yi ta tunanin ko wata kalma a takardata ta ɓata maka rai, na karanta kwafinta sau da yawa ban gane wace ce ba.

Ka riga ka ji, amma zan faɗa maka yadda ya faru. Tun Yuli ban ƙara barin ɗakin akwati ranar kasuwa ba, nan nake zama in sa masa ido. Ranar 31 ga Agusta anka yi jana'izar maƙwabcina bayan azahar, na tafi, na yi sa'a ɗaya da 'yan mintoci. A cikin wannan lokaci sanarwar sakin ruwa ta iso wa Iliyasu, a kan kari, ba laifin kowa can. Ya buga lambar gargaɗi sau tara, ba wayar da ta yi ƙara. Ya hau babur ya bi gonaki shina ihu, amma yawancin mutane suna kasuwa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Injin ban ruwa sha tara sun tafi, da irin albasar da anka zuba a ƙasan fadama. Larai, matar marigayi Lukman, injinta ɗaya ne, da shi take ci da marayu biyar.

Jiya Alhaji Sale ya kira ni ya miƙo mini rahoton kamfaninku, ya ce in karanta masa da Hausa tunda ni ke da Turanci. Ina tsaye ina fassarawa, da bakina na karanta wa mutane cewa bincike ya nuna mai kula da akwati ya kashe tsarin mai gadi ranar 6 ga Yuli ba tare da izini ba. A ƙasa akwai sunanka da sa hannunka. Har an yaba da bayanan kira na shekara shida da kamfani ya tattara. Kamfani ya tattara, haka anka rubuta.

Na tsaya a tsakiyar layi. Alhaji ya ce in ci gaba, na ci gaba.

Za a zauna ranar 28 ga wata a yanke ko za a karɓe makullin ɗakin daga hannuna. Makullin ba shi ne abin ba. Larai ta daina amsa gaisuwata. A wurin niƙa an ce wa Rukayya mijinta ya sayar da fadama don baƙi su yaba masa.

Na ce wa kaina ƙila ba ka karanta ba kafin ka sa hannu. Ka rubuto ka ce mini haka ne.

Lauwali

Legas, 19 ga Satumba, 2023

Yaya Lauwali,

Ina gaishe ka, ina kuma jajanta wa mutanen gida. Wallahi abin ya dame ni fiye da yadda kake zato.

Rahoton ba ni kaɗai na rubuta ba, akwai lauya. Abin da na'ura ta nuna shi aka rubuta: daga ɗakinka aka buga umurnin. Maganar wayar kuwa, na tuna mun yi magana da safen, amma ka tabbata cewa na yi ka kashe? Ina jin cewa na yi in ya dame ka za a iya dakatar da shi na ɗan lokaci. Kai da kanka kakan ce maganar waya ba ta zama maka.

Gaskiya ita ce sabuwar babbar manhajar tana makara idan tana rubuta bayanan kira a katin ajiya alhali layi ya cika. Na gano haka tun Yuni. Na ɗauka zan gyara kafin damina ta yi nisa, sai aka tura ni wani aiki. Da na faɗa a lokacin, da baƙin sun janye, da ni aka fara kora.

Yaya, ka dubi halin da nake ciki. Raihana saura wata uku. In aka ce ni na ba da umurni, ba aikin nan kaɗai zan rasa ba, babu kamfanin da zai sake ɗaukata. Kai kuwa mutanen gida ne, za su yi fushi su huce. Ka bar littafin nan a gida ranar zama. Ka ce kuskure ne, ka ba da haƙuri. Ni kuma na yi alkawari zan nema wa Larai inji, kuma zan yi ƙaurar zuwa ƙaramar manhajar, ko da wata takwas ɗin ne, a lokacina.

Na yi magana da Baba. Zai zo ya same ka.

Ƙaninka,
Mujaheed

Rimawa, 3 ga Oktoba, 2023

Mujaheed,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Allah shi sauke Raihana lafiya, ita ba ta yi mini komai ba.

Takardarka ta sa na yi kwana biyu ina shakkar kaina, ka san inda za ka taɓa. Na buɗe shafin 6 ga Yuli na karanta, na rufe, na sake buɗewa. Da na dawo daga tudun makaranta, kafin in taɓa na'ura, na zauna na rubuta maganarka yadda ka faɗe ta: "Kashe shi, bawana, kada ya ba mu kunya. Bar shi haka sai na aiko gyara." Ban san yadda zan ƙirƙiro wannan ba. Kuma tun Yuni ka sani, ka bar ni ina auna batura kowace rabin sa'a.

Kawu ya zo ana gobe zama, bayan la'asar. Bai shiga ciki ba, a zaure munka zauna. Ya yi maganar damina, ya yi maganar ƙafarsa, ya tuno mini ranar da mahaifiyata Inna Asabe ta rasu ya ɗauko ni a kafaɗa daga Gandi zuwa gidansa ina ɗan shekara shida. Bai tambaye ni ko gaskiya ne ka ba da umurnin ba. Da zai tashi ya ce: "Lauwali, kai kana gida, kana da gona. Shi can ba ya da kowa." Na raka shi har ƙofar masallaci.

Da safe na bar littafin a kan gado na fita. Rukayya ta biyo ni da shi har bakin ƙofa. Ba ta yi gardama ba, cewa kawai ta yi ita za ta ci gaba da zuwa niƙa, kuma yaranmu a garin ga za su yi aure. Na karɓa na sa a aljihu, ina ce wa kaina ba dole in buɗe ba.

An zauna a rumfar ƙungiya. Mutane sun fi sittin, Larai na can gefen mata, Kawu na kan tabarmar dattawa. Alhaji Sale ya tambaye ni ko ni na kashe mai gadi. Na ce ni ne. Ya tambaya ko da izinin wani. Na dubi Larai, ba Kawu ba. Na fito da littafin na karanta.

Wani daga baya ya ce ai rubutun hannuna ne, ina iya rubuta shi jiya. Gaskiya ya faɗa. Alhaji ya ce a je gidana a kwaso sauran shidan da Sa'adu ya maido. Da anka kawo, ya ce in buɗe masa ranar da anka kai ɗiyarsa Mashkura asibitin Goronyo, shekara uku baya. Na nemo: kiransa ya yanke sau biyu kafin azahar, na ukun ya shiga. Ya ce haka anka yi. Iliyasu ya tambayi ranar da tsawa ta faɗa wa sandar eriyar akwatin, na nemo masa. Sai Alhaji ya ce in karanto inda ni na yi laifi, in akwai.

Akwai. Na karanta ranar da na manta ban wanke faifan sola ba, gari ya yi sa'a biyar ba waya. Na karanta ranar da na juya wayar batir na ƙona fis. Na karanta 6 ga Yuli da yamma, inda na rubuta cewa na sa hannu a takardar da na san ba gaskiya ba ce, don kunya. Na karanta 31 ga Agusta, cewa na bar ɗakin alhali na san halin akwatin. Guda sha huɗu na karanta kafin ya ɗaga hannu.

Ya ce: "Mutumen da yar rubuta laihinai da hannunai har sha huɗu, ban ga mi za ya sa shi ƙirƙiri wanga ba."

An yanke cewa ina da laifin sa hannu, kuma zan yi wa Larai ban ruwa da injina har a cire albasa. Na yarda, daidai ne. Makulli ya zauna a hannuna. An ce a mayar da tsohon akwati, mai gyaran Sakkwato ya samo allon da anka cire daga wani wuri, zai kai mu wani lokaci. Akwatin naku shina cikin motar Sa'adu tare da takardar ga. Ƙungiya za ta rubuta wa kamfaninku, ni anka sa in rubuta, kuma zan rubuta abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ina faɗa maka tun yanzu don kada ka ji a bakin wani.

Larai ta amsa gaisuwata shekaranjiya, a taƙaice.

Kawu ya tashi tun ina karanta shafin farko, ya sa takalmansa ya fita, ba wanda ya tsayar da shi. Na je gidansa a ranar bayan la'asar, na yi sallama sau uku. Na koma washegari, na koma jiya. Ina jin tarinsa daga zaure. Ba a amsa ba.

Lauwali ɗan Asabe